Makin gwajin basira: iyakar abin da lamba ɗaya ke iya faɗa game da ɗalibi

Duk wanda ya daɗe yana yi wa ɗalibai gwajin basira, ko yana karanta rahotannin da ake rubutawa bayan gwajin, zai lura cewa yawancin ɓarnar daga wajen karanta maki take fitowa. A rubuta 68 ko 112 a takarda, sai malamai da iyaye su riƙe lambar kamar tsayin yaro ne da aka auna da tef. Alhali akwai tambayoyi biyu da ya kamata su riga kowane hukunci. Ta farko: da za a sake gwajin, makin zai tsaya inda yake? Wannan shi ne daidaiton awo. Ta biyu: abin da muke cewa makin yana nunawa, shi ɗin yake nunawa kuwa? Wannan shi ne ingancin awo.

Alfred Binet da Théodore Simon sun fitar da gwajinsu a Faransa a 1905 don gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Lewis Terman ya gyara shi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1916, sannan David Wechsler ya fitar da nasa na yara, WISC, a 1949, wanda bugunsa na biyar ya fito a 2014. A tsarin da ake bi yanzu, matsakaicin maki 100 ne, ma'aunin warwatsuwa kuma, wato gwargwadon yadda makin yara ke nisanta daga matsakaicin, 15 ne. Ma'ana kusan kashi biyu bisa uku na yara suna faɗawa tsakanin 85 da 115, kuma kimanin biyu cikin ɗari ne ke yin ƙasa da 70.

Ana auna daidaito ta hanyoyi da dama. A yi wa yara gwaji yau a maimaita bayan makonni, a kwatanta. Ko a raba tambayoyin gida biyu a ga ko rabin farko ya yi daidai da na biyu. Ko a lissafa alfa, lambar da Lee Cronbach ya gabatar a 1951 mai nuna yadda tambayoyin gwaji ke tafiya tare da juna. Ko a ba masu ba da maki biyu amsoshi iri ɗaya a ga ko za su dace. Kowace hanya tana ba da lamba tsakanin 0 da 1, kuma kowacce irin kuskuren da take kamawa daban. Alfa ba ta san komai ba game da yaron da bai yi barci ba jiya, domin a zama ɗaya aka tattara ta.

Lambar daidaito ba ta da amfani ga malami sai an mayar da ita maki. Lissafin ba shi da wuya: a cire lambar daga 1, a ɗauki tushen murabba'in abin da ya rage, a ninka da 15. Abin da ya fito shi ne kuskuren awo. Idan daidaito 0.96 ne, kuskuren maki 3 ne. Idan 0.90 ne, ya kai kusan 4.7. Idan 0.75 ne, ya zama 7.5. Don samun tazarar da za a amince da ita kashi 95 cikin ɗari, sai a ninka kuskuren kusan sau biyu, a ƙara sama a rage ƙasa. To, yaron da ya ci 72 a gwajin da daidaitonsa 0.90, makinsa na haƙiƙa yana iya kasancewa ko'ina daga 63 zuwa 81. In makaranta ta ja layi a 70, ta ce na ƙasa ya tafi ajin musamman, na sama ya zauna, bambancin mai 68 da mai 72 bai kai girman kuskuren gwajin ba. Shi ya sa masana ke son daidaito ya kai 0.90 ko fiye kafin a yanke hukunci a kan mutum ɗaya, yayin da 0.70 zuwa 0.80 kan wadatar in matsakaicin rukuni ake nema a bincike.

Inda aka fi zamewa shi ne ƙananan sassan gwajin. Babban maki yana tsayawa da kyau saboda an haɗa shi daga tambayoyi masu yawa. Sashe guda, kamar na jera tubala ko na tuna lambobi, gajere ne, don haka ya fi rawa. Ƙa'idar Spearman da Brown ta 1910 ta nuna haka a fili: gwajin da daidaitonsa 0.60, in aka ninka tsawonsa da tambayoyi masu irin ingancinsa, zai kai 0.75, in aka rage shi kuma ya faɗi. Sai ka ga rahoto ya gina labari mai tsawo a kan cewa yaro ya fi ƙarfi a wannan sashe da maki biyu fiye da wancan. Bambancin da ke tsakanin makin sassa biyu yana ɗauke da kuskuren sassan biyun a haɗe, kuma sau da yawa in an sake gwajin ya ɓace, ko ma ya juya.

Alfa mai girma ma tana ruɗi. A rubuta tambaya ɗaya a sauya mata riga sau ashirin, alfa za ta haura 0.95, gwajin kuwa lungu ɗaya tak yake leƙawa.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke lalata kwatancen kafin da bayan. Yaron da aka sake wa gwaji bayan ɗan lokaci yakan ƙara maki don ya saba da salon tambayoyin, musamman a sassan da ake auna lokaci, shi ya sa ake ba da shawarar a bar tazara mai tsawo, galibi kusan shekara, ko a sauya gwaji. Na biyun ya fi ɓuya. In aka zaɓi yaran da suka fi kowa ƙarancin maki aka sa su a wani shiri, matsakaicinsu zai tashi a gwaji na biyu ko da shirin bai tsinana komai ba, saboda wasunsu rashin sa'a ne ya jefa su ƙasa ranar farko. Ba tare da rukunin kwatance da aka zaɓa ta hanya ɗaya ba, ƙarin makin ba hujja ba ne.

Sauran kurakuran na hannu ne, kuma su ne suka fi sauƙin kaucewa: ƙara daƙiƙu a kan lokacin da littafin jagora ya ƙayyade, sake fasalin tambaya don tausayi, gyaɗa kai idan yaro ya kusa amsa, hayaniya a ɗaki, da kuskuren lissafin shekaru. Na ƙarshen nan ana raina shi, alhali jadawalin kwatance, wanda da shi ake kwatanta makin yaro da na sa'o'insa, an raba shi ne bisa 'yan watanni, kuskuren wata ɗaya a ranar haihuwa yana iya kai mutum shafin da ba nasa ba.

Inganci ya fi wuyar tabbatarwa, domin babu lamba ɗaya da ke rufe maganar. Cronbach da Paul Meehl sun shimfiɗa tushen batun a 1955, Samuel Messick kuma ya ƙarfafa a 1989 cewa inganci yana rataye ne a kan fassarar maki da amfanin da aka yi da shi. Gwajin da ya dace da hasashen wanda zai sha wuya a lissafi bai zama lalle ya dace da tantance wanda ke da matsalar karatu ba. Don haka in kamfani ya ce gwajinsa ingantacce ne, sai a tambaye shi: don wane aiki, a kan waɗanne yara, a wace shekara?

Harshe shi ne babban mashigin kuskure. Yaron da aka gwada da harshensa na biyu, makinsa cakuɗe yake da iyawarsa a harshen, kuma gwajin zai iya ba shi maki iri ɗaya sau goma, daidaito ya cika, inganci babu. Fassara kaɗai ba ta magance wannan. Kalmar da ke da wuya a wani harshe tana iya zama ta yau da kullum a wani, sai jerin tambayoyi daga mai sauƙi zuwa mai wuya ya rikice, ƙa'idar tsayawa bayan faɗuwa a jere kuma ta yanke wa yaro gwaji tun bai kai tambayoyin da zai iya ba. Ko tuna lambobi bai tsira ba. Wani bincike na 1980 ya nuna masu jin harshen Welsh da Ingilishi suna riƙe lambobi kaɗan a Welsh, saboda sunayen lambobin sun fi ɗaukar lokaci wajen furtawa. Gwajin zane na John Raven, na 1938, ya rage dogaro da harshe, amma yana ɗauka cewa yaro ya saba da jadawali da zane a takarda, abin da makaranta ce ke koyarwa.

Jadawalin kwatance kuma yana tsufa. James Flynn ya nuna a shekarun 1980 cewa maki ya riƙa hawa da kusan 3 a duk shekara goma a ƙasashe da dama cikin ƙarni na 20. Jadawalin da ya shekara ashirin yana iya ƙara wa yaro kusan maki 6, abin da ya isa ya hana shi taimakon da ya cancanta. Jadawalin wata ƙasa da aka ɗora wa yaran wata ƙasa ya fi wannan muni, a ganina, tunda 100 ɗin da ake kwatanta su da shi ba nasu ba ne.

Alaƙar makin basira da sakamakon makaranta takan kai kusan 0.5. Lamba ce mai kyau a wannan fanni, sai dai in aka ninka ta da kanta 0.25 ake samu, wato kashi ɗaya bisa huɗu na bambancin ɗalibai ne take bayani. Ragowar yana wajen koyarwa, lafiya, ƙwazo da halin gida. A shari'ar Larry P. ta jihar Kalifoniya a Amurka, kotu ta hana a 1979 amfani da gwajin basira (IQ) wajen tura yara baƙar fata azuzuwan masu raunin fahimta, bayan an ga yawansu a can ya zarce kima.

Gwajin tacewa da ake yi wa makaranta gaba ɗaya don zaƙulo yaran da ake zaton suna da wata matsala yana da nasa tarkon. A ce yara 1,000 ne, 50 daga ciki suna da matsalar da ake nema, gwajin kuma yana kama kashi 90 na masu ita, yana wanke kashi 90 na marasa ita. Zai kama 45 na gaskiya, ya haɗa da 95 daga cikin 950 masu lafiya. Cikin 140 da aka yi wa alama, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kaɗai ke da matsalar. Saboda haka duk wanda tacewa ta kama sai an yi masa cikakken gwaji shi kaɗai, an duba ganinsa da jinsa, an karanta aikinsa na aji, an ji ta bakin malaminsa da iyayensa. Rahoton da za a rubuta kuma ya ƙunshi sunan gwajin da bugunsa, shekarar jadawalin kwatance, harshen da aka yi amfani da shi, duk wani sauyi da aka yi wa ƙa'ida a ɗakin gwaji, da tazarar maki a gefen kowace lamba.