Cukun Maigatari da shayin gawayi

Ni fa da an ce cuku, Maigatari nake tunawa. Ran Alhamis kasuwar ke ci, kuma tun ina yaro Kawu ke kawo mana tsarabarsa daga hannun Buzayen da ke shigowa daga Nijar. Falle-falle yake, busasshe ƙarau, da shatin tabarmar da aka shanya shi a kai. Ƙamshinsa kaɗai kan mayar da ni tsakar gidanmu da sanyin hunturu.

Shayi ne abokin tafiyarsa. Ba na madara ba, mai kaurin nan da ake dafawa a 'yar buta kan gawayi, a yi ta ɗaga shi har ya yi kumfa. Ka ɓalli cuku, ka haɗa da dabino guda, ka kurɓa. Zaƙin dabinon ya kwantar da ɗan tsamin cukun, ɗacin shayin ya bi ya wanke baki. Da azumi kuwa Inna takan daka shi ta dama cikin fura, wanda duk ya yi sahur da ita sai la'asar zai tuna da yunwa.

Akwai kuma ɗanyen da Fulanin rugar bayan garinmu ke yi, su daskarar da madarar da ruwan tumfafiya. Wannan ba ya jure ajiya. A soya a man gyaɗa, a barbaɗa yaji, a ci da zafinsa. Ina son sa ƙwarai, amma busasshen nake aika a sayo mini duk Alhamis.