Zagayen lambunan Kwadon da Dadin Kowa a lokacin rani

Na fi zuwa lambunan ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba ta jihar Gombe tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hunturu ya kama, tumatir da albasa da attaruhu suka cika fangali. Daga Gombe hanyar Biu ake bi, a fara da Kwadon, sannan a wuce Dadin Kowa inda madatsar ruwan kogin Gongola ke ciyar da noman rani. A isa kafin ƙarfe takwas na safe, don da hantsi ya yi an gama tsinka, kaya sun nufi kasuwa.

In ka shiga lambu ka yi sallama, ka ce "sannu da aiki, Baba", sannan ka bi ta kan kunya ko gefen magudanar ruwa. Taka cikin fangali na danne ƙasa, kuma ba abin da ke ɓata wa mai lambu rai kamar wannan. Tambayar da nake fara yi kafin in sayi ganye ita ce yaushe aka yi feshi na ƙarshe. Kowane maganin ƙwari yana da kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbarsa, kuma tun ɓarnar da tsutsar tumatir ta yi a Arewa a 2016 wasu manoma suka ƙara yawan feshi. In aka ce jiya aka yi, bar ganyen nan.

Abin da ake lodawa a mota daban, abin da masu lambu ke ci daban. A gefen fangali za ka ga rama da yakuwa da alayyafo, ga zogale a bakin shinge, kuma da su ake yin abincin rana. Kwaɗon rama da na ci a can ya bambanta da na cikin gari saboda abu biyu. Ana tsinko ganye masu taushi na sama kawai, a tafasa, a zubar da ruwan farko don tsamin ya ragu, sannan a matse shi sosai da hannu har ya dunƙule. Wanda bai matse ba, da ya zuba garin ƙuli-ƙuli sai kwaɗon ya saki ruwa ya zama kamar miya. Ga kwano ɗaya na dafaffen ganye, kusan rabin kwano na garin ƙuli ya isa, da albasa ɗaya, tumatir biyu, attaruhu, gishiri da ɗan man gyaɗa. Tumatir a ƙarshe ake yanka shi. Zogale kuwa sai an zage ganyen daga sanda tsaf, in ba haka ba tsinke ya dinga shiga haƙori.

Wajen sayen tumatir, wanda zai kwana biyu a hanya ya ɗauki wanda ya fara ja bai nuna sarai ba, irin UTC mai tauri. Wanda aka tsinka bayan an yi masa ban ruwa da yawa yakan tsage, kuma tsagagge guda ɗaya a ƙasan kwando yana ruɓar da na kusa da shi. Shi ya sa nake sa a juye kwandon a gabana. Idan kaya suka yi arha sai a yi kauɗa: a raba tumatir biyu, a shanya a kan tabarma ko buhu, gefen yankan yana kallon rana. Shanya a ƙasa tsura ke kawo yashin da ake ji a miya, tara shi da kauri kuma ke sa ya yi baƙi ya yi funfuna.

Albasa a wuya ake gane ta. Wadda aka daina ba ruwa kafin cira, ganyenta ya kwanta, wuyanta ya bushe ya tsuke, ita ke jure ajiya. Mai kaurin wuya da danshi ta girkin makon nan ce.

A Dadin Kowa kada a wuce masu kifi. Karfasa da tarwaɗa ake fi samu. A ɗaga murfin kunnen kifin a duba, in ja ne jawur sabo ne, in ya koɗe ya yi toka-toka ya jima da fita daga ruwa.