Yadda Muke Renon 'Ya'yan Agwagwa Masu Nakasa

Sana'armu ita ce ƙyanƙyasar ƙwan agwagwa da renon 'ya'yan har su isa sayarwa, kuma abin da muke alfahari da shi shi ne ba ma yar da ɗan da ya fito da nakasa sai mun yi iya bakin ƙoƙarinmu a kansa. Ƙwan agwagwa irin ta Pekin kwana 28 yake yi kafin ya fashe, na Maskobi kuwa sai ya kai 35, kuma a duk tsawon wannan lokaci dole zafin injin ƙyanƙyasa ya tsaya a wajen digiri 37.5 na ma'aunin Celsius. Idan zafin ya riƙa hawa da sauka, ko laimar ciki ta gaza, ranar ƙyanƙyasa za a ga sakamakon a ƙafafu da yatsu.

Matsalar da muka fi gani ita ce bajewar ƙafafu, inda ɗan agwagwa zai kwanta a kan ƙirjinsa, ƙafa ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu. Sau da yawa santsin shimfiɗa ne yake jawo ta, musamman jarida ko leda, shi ya sa tawul muke shimfiɗa musu a kwanakin farko. Maganinta a sami bandeji mai laushi a haɗa ƙafafun biyu a ƙasan gwiwa, a bar tazara daidai faɗin jikinsa. Dattijon da na koyi aiki a hannunsa ba ya yarda da ɗauri sai ya ɗora ɗan agwagwan a tafin hannunsa ya ji ƙafafun biyu suna tokare shi da ƙarfi ɗaya, sannan kowace safiya ya kwance ya duba ko fatar ta yi ja. Haka nake yi har yau, domin ɗan agwagwa yana girma da sauri, kuma ɗaurin da ya yi daidai jiya yana iya hana jini gudu yau. Yatsun da suka dunƙule kuma takalmi muke yanka musu da kwali, mu shimfiɗa fatar tafin a kai mu manne da filasta. Duk wannan a kwanakin farko yake yiwuwa, tun ƙashi bai yi tauri ba.

Babban abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kawo abinci, waɗanda za su ɗauko abincin 'yan tsaki su rantse cewa na agwagwa ne. Ɗan agwagwa yana bukatar sinadarin niyasin, wani nau'in bitamin B, fiye da ɗan tsako, wajen miligiram 55 a kowane kilo na abinci, kuma idan bai samu ba ƙafafunsa za su lanƙwashe, gwiwa ta kumbura, ya yi taku biyu ya durƙusa. Saboda haka kowane buhu ya shigo sai mun karanta takardarsa, mu ƙara garin yis don cike giɓin niyasin idan da bukata. Yawan furotin shi ma yana da nasa lahanin, domin saurin girma yana sa gashin fiffike ya fi ƙarfin gaɓar da take ɗauke da shi, sai fiffiken ya murɗe waje. Wannan naɗe shi muke yi a jiki na 'yan kwanaki, mu rage ƙarfin abincin.

Wanda bakinsa ya fito a karkace ba ya gyaruwa, sai dai a jiƙa masa abinci a zuba a mazubi mai zurfi. Ruwan sha kuwa dole ya isa ya tsoma hancinsa amma kada ya kai yadda zai nutse, domin mai raunin ƙafa idan ya faɗa ciki ba ya iya fita. Wanda ciwo ya hana shi ci gaba ɗaya, likitan dabbobi muke kira ya yanke hukunci.

Idan sun warke mukan gaya wa mai saye tarihin kowanne, kuma wanda muke zargin nakasarsa ta gado ce ba ma sayar da shi don yin iri. Wasu da sun ji haka sai su hau neman ragi, suna kafa hujja da masu arha waɗanda suke ɓoye aibin dabba. Ba ma ragewa, domin agwagwar da ta tsaya da ƙafafunta bayan wannan hidima ba ta gaza sauran da komai ba.