Abin da barin aikin banki da wuri ya koya min game da hutu da iyali

Tunda na ajiye aiki mutane ke ta tambayata wai me ya yi zafi, ga albashi ga mota ga sauran ƙarfinka, ka koma gida ka zauna. Duk wanda ya yi aiki a reshen banki ya san amsar, amma bari in faɗi nawa ko zai amfani ƙannenmu da ke ciki har yanzu.

Lif, wato hutun aiki na shekara, a wurinmu suna ne kawai. Za a sa maka hannu a takarda, ka miƙa aiki ka fito, amma wayarka tana hannun oga. Ni kuma a shekaruna na ƙarshe Allah Ya haɗa ni da wani manaja wanda in ka tafi hutu gani yake kamar ka cuce shi. Disambar 2022 ne, lokacin da CBN ya fito da sabbin takardun naira 200 da 500 da 1000, kowa ya san yadda bankuna suka hargitse, to amma ni tun watan Satumba aka amince min da lif ɗina don in kai yara Yankari in an ba su hutun makaranta, na kama ɗaki na biya, uwargida ta yi dambun nama da cincin, muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi har Bauci, muka shiga ta ƙofar Mainamaji yara sai murna suke. Washegari suna cikin ruwan Wikki, ruwan nan mai ɗumi garau da kana hango yashin ƙasansa, ni kuwa ina can kan tudu ina ɗaga waya sama ina neman sabis saboda oga ya turo saƙo wai in kira shi yanzu yanzu. Abin da yake nema lissafin ajiyar kwastomomi ne, na bar wa mataimakina a fayil, kuma ya sani sarai. Ya ce in bai gan ni gobe ba kueri, wato takardar tuhuma, na jirana. Na ce yallaɓai ina tsakiyar daji da iyali, ya ce iyalin ne ke biyanka albashi? Haka muka tattara kaya ko motar zagayen namun daji ba mu shiga ba, 'yar autata ta yi ta kuka har Dindima, uwarsu kuwa ba ta ce min uffan ba har Kano. Na iso ofis na tarar shi kansa ya wuce Abuja bikin ɗan'uwansa. Ƙarshen shekara kuma ya rubuta a rahotona wai ba ni da sadaukarwa ga aiki. Wallahi har yau in na tuna wannan rubutun sai raina ya ɓaci.

Lokacin na ɗan haura hamsin, kuma wannan shi ya ba ni ƙarfin gwiwa, don dokar fansho ta 2014 ta ce sai ka kai 50 za ka fara cin kuɗin asusunka na ritaya, wanda ake zuba kashi 8 daga albashinka da kashi 10 daga wurin mai aikin. In ka fita ƙasa da haka kashi 25 kawai za su ba ka, shi ma sai ka yi wata 4 ba ka samu wani aikin ba. Na je wurin kamfanin fanshona na ce su buga min abin da zai riƙa shigowa duk wata, na zauna da uwargida muka haɗa da kuɗin hayar shago da abin da gona ke kawowa, muka cire kuɗin makaranta, abin da ya rage ba yawa amma zai riƙe mu. Na rubuta takardar ajiye aiki.

Mun koma Yankari bayan nan a hutun bazara, lokacin da daji ya bushe namun ke taruwa bakin kogin Gaji. Kuɗi kam bai kai na da ba, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta ninka kusan uku, sai da muka rage sayayya muka tafi da garin kwaki da ƙuli. Amma ranar Talata muka tafi ba cunkoso, ban yi gudu a hanya ba, inda aka kira salla muka tsaya, wayata tana cikin jaka ban san inda take ba sai dare. Yara suka ce Baba a ƙara kwana, na ce a ƙara. A da ko hutun bai katse ba, tun ranar Asabar zuciyata ta koma mitin ɗin Litinin da taget, yaro ya zubar da lemo a mota in yi masa tsawa kamar ya yi kisan kai, sannan in kwaso su da daddare a wannan hanyar don kar in makara. Ashe rabin gajiyar tafiya ba ta hanya ba ce, tsoron waya ne. Uwargida ta ce rabon da ta ga na zauna na ci abinci ban tashi ba har ta manta.

Sauran abubuwan gajeru ne. Inshorar lafiyar ofis tana iya tsayawa da zarar ka fita, ka tanadi wata kafin nan. Kar ka ajiye aiki da bashin mota a kanka. Kar ka bai wa ofis lambar matarka, ni ta nan ma oga ya taɓa nemana. Kuma duk wanda ya ce ka katse lif, ka ce ya rubuto maka a imel, yawancinsu ba sa iya rubutawa. Yaron da ya gaji kujerata ya kira ni kwanan baya, an ce ya dawo ana tsakiyar bikin ƙanwarsa, mutumin nan dai, yana nan bai canza ba. Na ce ya nemi a rubuto masa, ya nema, har aka kai amarya ba a sake kiransa ba.