Asabar a Bronx ta birnin New York: taurari huɗu iri biyu

Yau kwanan Baba tara a asibiti tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Jiya da yamma matar da ke shirya sallamar marasa lafiya ta miƙo mini takarda mai sunayen gidajen jinya guda shida, ta ce zuwa Litinin in gaya mata ukun da muka zaɓa. Baba ba zai koma gida kai tsaye ba, sai an yi masa gashi ya sake koyon tsayuwa. Mu kuwa a hawa na huɗu muke, kuma ginin ba shi da lif.

Bayan asuba ban koma barci ba. Na haɗa shayi, na buɗe Care Compare, shafin da hukumar Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, ke jera gidajen. Tun ƙarshen 2008 ake ba su taurari, daga ɗaya zuwa biyar, sai ka ce otal. Biyu cikin shidan suna da huɗu-huɗu, sai na ji sanyi a raina, na ce ai aiki ya yi sauƙi, wanda ya fi kusa da tashar jirgi shi zan ɗauka.

Allah ya sa na fara kiran wata 'yar'uwa, mutuniyar Nima ta Accra, da muke haɗuwa a masallaci. Ta daɗe tana aikin taimakon nas a irin waɗannan gidaje, ita ce mai wanka da juyawa da ciyarwa. Ta saukar da aikin dare ke nan, muryarta duk barci. Ta ce, "Ƙanwata, rabu da babban tauraron nan. Fasa shi ki ga abin da ke ciki."

Ashe abu uku ake haɗawa. Akwai na binciken da ma'aikatan lafiya na jiha ke zuwa yi ba sanarwa, kusan shekara-shekara, doka ta ce kada a wuce wata 15. Akwai na yawan ma'aikata, wanda ake ciro shi daga takardun biyan albashi. Sai na uku, na ingancin kulawa, su gyambon kwanciya da faɗuwa da sauransu, wanda yawancin alƙalumansa gidan da kansa ne ke aikawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma wa ya ce zai faɗa wa mai neman haya? Daga tauraron bincike ake fara lissafi, in gida ya sami biyar a ɗaya daga sauran biyun sai a ƙara masa ɗaya.

Da na fasa, sai ga shi. Gidan farko, na kusa da tasha: uku a bincike, biyu a ma'aikata, biyar a abin da ya faɗa game da kansa. Wannan biyar ɗin ce ta ɗaga shi zuwa huɗu. Gida na biyu: huɗu a bincike, huɗu a ma'aikata, uku a ɗayan. Shi ma huɗu. Da ban kira baiwar Allah nan ba da na ɗauka duk kanwar ja ce.

Na ɓata lokaci sosai a kan ma'aikata, don nan ta ce in tsaya. Tun 2022 shafin yake nuna yawansu a ranakun Asabar da Lahadi daban, da kuma yawan masu ajiye aiki a cikin shekara. Dokar jihar New York ta ce kowane majinyaci ya sami aƙalla awa 3.5 na kulawa a rana, a ciki 2.2 daga masu taimako. Na zauna ina lissafa Baba a cikin awannin nan: wanka, kewayawa, cin abinci da hannun hagu wanda bai taɓa yi ba a rayuwarsa, juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya ɓare. Kuma wannan matsakaici ne na gida gaba ɗaya, ba alkawari aka yi wa Baba shi kaɗai ba. Na kuma duba ko akwai jan tafin hannun nan da suke liƙa wa gidan da aka kama da cin zarafi. Duka biyun babu, alhamdu lillahi.

Ina ɗaura ɗankwali Yaya ya kira daga Kano. Ko gaisuwar kirki bai bari mun yi ba. "Wai gidan gajiyayyu za ku kai Baba? Muna raye?" Na ce, "Yaya, yi haƙuri ka saurare ni." Na yi masa bayani cewa jinya ce ta ɗan lokaci, cewa shekarun da Baba ya yi yana tuƙa tasi yana biyan haraji su ne suka ba shi Medicare, wadda za ta biya kwana 20 na farko gaba ɗaya tunda ya wuce kwana uku a kwance a asibiti, daga nan zuwa kwana 100 sai mun riƙa cikawa. Ya yi shiru, ya ce, "Me za mu gaya wa su Gwaggo?" Ban ba shi amsa ba. Ni ma kalmar tana sukata. Amma shi bai taɓa ɗaga Baba daga gado zuwa kujera ba, ni na gwada shekaranjiya, mu biyu da nas, har yanzu kwankwasona bai daina ciwo ba.

Da gangan na je yau ba tare da na yi waya ba, gani ya kori ji. Gidan farko ƙofarsa abin kallo, furanni, kifaye a cikin gilashi, ƙamshi ko'ina. Na nemi takardar da doka ta ce su liƙa kullum mai nuna nas nawa da mataimaka nawa ke bakin aiki. Tana nan a bango, amma ta ranar Laraba ce. Na nemi kundin rahoton bincike, wanda shi ma dole ne a ajiye inda kowa zai gani, sai da aka yi ta buɗe durowa kafin a same shi. Kowane laifi da harafinsa a gefe, daga A zuwa L. D da E sun cika ko'ina, ba su ne abin tsoro ba. G na nufin an riga an cutu. J, K, L kuwa rai ne ke cikin haɗari. Na ga G ɗaya: wata tsohuwa da aka rubuta sai mutum biyu za su ɗaga ta, mutum ɗaya ya ɗaga ta, ta faɗi.

A sama babu ƙamshin. Zarni ne, ba mai yawa ba, irin wanda ya kwana. Fitilar kiran nas ta wani ɗaki tana ci, na duba agogona na tsaya kamar mai karanta allon sanarwa. Minti goma sha huɗu. Yarinyar da ta zo daga ƙarshe da gudu ta zo, zanin gado a kafaɗa, gumi a goshi. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Na tambaye ta a hankali mutum nawa take riƙe da su yau, ta yi murmushi kawai ta wuce.

Gida na biyu sai da na sauka daga jirgi na hau bas. Tsohon gini ne, fentinsa ya koɗe, talabijin ɗin falon ma ƙarama. Takardar bango ta yau ce. Na tarar ana abincin rana, wani ma'aikaci ya ja kujera ya zauna daidai fuskar wani dattijo yana ba shi a baki, yana jira ya haɗiye kafin ya ɗebo wani. Nas ɗin hawan ta ce shekararta takwas a nan. Na tambaye ta abin da ya fi damuna: namiji zai riƙa yi wa Baba wanka? Ta ce da rana e, suna da maza biyu, da dare ba za ta yi mini ƙarya ba, wani lokaci babu. Naman halal ba su da shi, sai kifi da ƙwai, amma in likitar haɗiya ta yarda zan iya kawo kunu daga gida. Rahotonsu ma ba fes yake ba, an kama su da abinci a firji ba kwanan wata, da jinkirin amsa wani ƙorafi. Na kwafi lambar mai karɓar koken mazauna daga bango, wanda ba ma'aikacin gidan ba ne.

La'asar ta yi mini a asibiti. Na ɗora wa Baba dutsen taimamarsa a kan cinya, na riƙe masa hannun daman na shafa. Da ya idar na ba shi labarin gidajen biyu, ban ɓoye masa nisan na biyun ba. Harshensa ya yi nauyi, sai na kai kunne kusa da bakinsa. Ya ce, "Uwata, gadon... ina gabas?" Ban duba ba wallahi. Gobe da ƙarfe takwas na dare zan koma gida na biyun in ga yadda hawan yake bayan masu aikin rana sun tashi, sai in buɗe alƙiblar wayata a ɗakin da ta nuna mini.