Asabar, ƙwai huɗu

Ƙwai huɗu. Kaji goma sha huɗu, ƙwai huɗu, ɗaya ma ina ɗauka ɓawon ya lotse a hannuna kamar takarda. Na tsaya a bakin akurki da kwano ina kallonsu, su ma suna kallona, kowacce ta takure ta cusa wuya cikin gashi. A watan Oktoba fa sha ɗaya, sha biyu nake kwasa kullum, har mai shayin bakin layi ya saba aiko yaronsa da kiret duk Litinin da Alhamis. Yanzu da na ji sallamar yaron sai in tura Ummi ta ce masa ya dawo jibi. Jibin nan ta yi sau uku.

Sanyin yau kuwa ba a magana. Dutsen Kufena da muke hangowa daga bayan gida ya ɓace ɓat cikin hazo. Ruwan randa kamar an jefa masa ƙanƙara, alwalar asuba sai da na ɗora tukunya. Amma duk da haka da fara'ata na tashi, don jiya Abban Ummi ya gama ɗaura wa kajin fitila a akurki. Tun Laraba ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayo 'yar ƙaramar sola da ƙwanta, ya hau kujera yana ta fama da waya da kusa, yana cewa shi dai bai taɓa jin inda aka sayi ƙwan fitila don a samu ƙwan kaza ba sai a gidansa. Muka yi ta dariya. Ni ce na kawo maganar, bayan na kira Kawun yara a Samaru ya ce kaza mai ƙwai tana son haske na awa 14 zuwa 16 a rana, hasken ne ke taɓa mata wani wuri a ƙwaƙwalwa ya tada aikin ƙwai. Ya ce a riƙa kunnawa da asuba kafin gari ya waye, ya fi a bar ta cikin dare a kashe musu farat ɗaya su rasa wurin kwanciya, kuma a ƙara lokacin kaɗan-kaɗan.

To yau ƙarfe biyar na kunna. Suka farka suna ta ƙananan koke-koke. Na ji kamar na gama da matsalar.

Da hantsi Goggo ta shigo aron rariya.

Kun san ta, ba ta shiga gida ta fita ba ta zaga ba. Na gaishe ta, an tashi lafiya, ya sanyi, ta amsa tana tafiya, ƙafarta ta riga ta nufi akurki. Na bi ta ina nuna mata buhunan da muka rufe ɓangaren gabas da arewa da su, inda iskar hunturu ke kaɗowa, da tazarar da muka bari a sama don kada warin kashi ya taru ya shaƙe su. Ta gyaɗa kai. Na nuna mata ɓuntun shinkafar da na zuba a ƙasa. Ta gyaɗa kai. Sai na nuna fitila, ina jiran yabo.

Ta ɗaga kai ta dube ta, ta ce, "Wannan kuma ta karatun dare ce?"

Na ce, "Goggo, ai ranar ce ta gajarta, shi ya sa suka daina. In aka ƙara musu haske sai su ɗauka damina ce."

Ba ta ce komai ba. Ta sunkuya, da tsufanta da komai, ta cafko ja ɗaya, wadda Auta ke kira Amarya. Ta juya ta, ta shafa ƙirjin, ta ce in kawo hannuna. Ƙashin ƙirjin nan a tsaye yake kamar bakin wuƙa, ba nama ta ko'ina. Sannan ta sa yatsu a ƙasan mara, tsakanin ƙasusuwa biyun nan da ke kusa da mafitar ƙwai, ta ce mai ƙwai yatsa biyu zuwa uku ke shiga a nan, wurin kuma da laushi. Na Amarya ɗaya ne ya shiga da ƙyar. Ta nuna mini jan naman da ke kan kazar, ya yanƙwane ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Ta sake ta, ta kama wata, haka. Ta ukun ce kawai yatsu suka shiga.

Daga nan ta juya ga kwanon abincinsu. Ta damƙo, ta murza a tafin hannu, ta hura. Rabinsa ya tashi sama.

"Ke 'yar nan, wannan ai dusa ce."

Na ce da abincin kanti a ciki, gaurayawa na yi.

"Gaurayawa ko nuna masa aka yi daga nesa?"

Wallahi sai na ji kunnuwana sun yi zafi duk da sanyin nan. Ta kakkaɓe hannu a zani, ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ta ce dubi gashin da ya cika ƙasan akurkin, suna zubar da tsoho suna fid da sabo, ga sanyi na cin abin da suka ci, sannan in ba su dusa in kunna musu fitila in ce su yi mini ƙwai, da me? Ta ce lokacin da take da kajinta na Hausa ko tsaki ta watsa musu sai su shiga bola su tono ƙwari da tsutsa su cike gurbi, in ta samu gara ta ɗebo musu. Waɗannan kuwa na kulle su, abin da na zuba shi ne duniyarsu. Ta ce in daka ƙuli-ƙuli in haɗa, in tara ɓawon ƙwai in gasa shi in dake shi lukui, kada in ba su da siffarsa su koyi fasa nasu. Ruwa kuma in surka musu da ɗumi da safe, don kaza ba ta son shan mai sanyi ƙarara, in ba ta sha ba kuwa ba ƙwai.

Ta karɓi rariyarta ta tafi. A bakin zaure ta waiwayo ta ce fitilar dai ta yi kyau.

Tun daga nan ban sake samun sukuni ba.

Don na san abin da na yi. Buhun abincinsu kilo 25 ne. Kowace kaza tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana, kaji goma sha huɗu kenan buhu ba ya wuce sati biyu da kwana ɗaya ko biyu. Tun tsakiyar Nuwamba, da zubin adashi ya haɗu da kuɗin makarantar Ummi, na fara jan buhu ɗaya ya kai wata. Farko mudu ɗaya na dusa nake ƙarawa, daga baya na daina aunawa. Kuɗin da Abban Ummi ke ba ni na buhu na biyu, adashi yake tafiya. Ƙwai ya fara raguwa a daidai lokacin da hazo ya sauko, sai na samu wanda zan ɗora wa. Kowa ya tambaya in ce hunturu ne. Na faɗa har ni ma na yarda.

Kuma in zan faɗi gaskiya, ran nan Kawu abu biyu ya ce mini. Ya yi maganar haske, ya kuma tambaye ni me suke ci. Na ce abincin masu ƙwai mana, na wuce wurin da sauri. Ta hasken kaɗai na kawo gida.

Bayan azahar na sake kiransa, wannan karon na faɗa masa komai. Ya yi dariya har da tari. Ya ce Yaya, ai mu nan Zariya ranarmu ba ta wani gajarta sosai, a Disamba kusan awa 11 da rabi ce, a Yuni kuma ba ta kai 13 ba, bambancin awa ɗaya ne da 'yan mintuna. A irin su Ingila ne yini ke komawa ƙasa da awa 8 a Disamba, su ne fitila ta zame wa dole. Ya ce tawa ma za ta taimaka, ba asara ba ce, amma ba ta maye gurbin abinci. Gashin da suke fitarwa kusan duk furotin ne, ɓawon ƙwai kuma kalsiyam, in babu a kwano sai kaza ta zaro daga ƙashinta, in abin ya yi yawa ta tsaya cak. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar ta awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu. Ya ce jajayen nan irin ShikaBrown ne da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar don yanayinmu, suna da juriya, in na gyara za su dawo, sai dai kada in sa ran gani gobe, in ba su makonni. Ya tuna mini da rigakafin Lasota, don lokacin hunturu ne cutar Niyukasul ke share kajin unguwa. Wannan kam na yi musu, ko a nan na tsira.

Abincin rana, dafa-duka da sauran kifin jiya. Auta na tari, na ba shi zuma da lemon tsami. Dugadugaina sun tsage, man kaɗanya ya kusa ƙarewa. Wankin da na shanya ya bushe cikin awa guda amma duk ya yi ja da ƙura.

Da la'asar na aiki Ummi ta sayo ƙuli-ƙuli mara yaji, na gasa ɓawon ƙwan da na tsinto a kan murfin tukunya, kicin ya cika da wani ƙauri. Ina dakawa Auta ya tsuguna yana tambaya ko miya ce. Na juye sauran abincin kantin zalla a kwano, ban sa dusa ko cokali ba, na barbaɗa garin a kai. Yadda suka yi rubdugu a kan kwanon nan, har da hawa bayan juna, sai da na kau da kai.

Abin da ya rage a buhun ba zai kai Talata ba. Zubi kuma Juma'a ne.

Abban Ummi ya dawo bayan isha'i, ko takalmi bai cire ba ya zaga akurki da tocilan ya duba ko solar ta yi caji. Ya shigo yana murza hannu, ya ce, "Maman Ummi, nawa aka samu yau?" Na ce huɗu. Ya ce ba komai, ai yau aka fara, in ba ta kwana biyu in ga aiki. Har yana cewa in ta yi kyau zai ƙaro ƙwan fitila na biyu a ɗaya kusurwar.

Na ce Allah ya sa. Na miƙa masa ruwan ɗumi.

Yanzu yana barci. Na saita ƙararrawar waya ƙarfe biyar saura kwata, na kuma rubuta "buhu" a bayan hannuna da biro, kamar wai mantawa ce matsalar.