Na bi sawun Bilali zuwa tsibirin Sapelo

Sassafe na bar Savannah, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota ta kawo ni mashayar Meridian a jihar Jojiya ta Amurka. Babu gada zuwa Sapelo, sai jirgin ruwa, kuma baƙo ba ya hayewa haka kawai, sai da ɗan jagora ko gayyatar ɗan gari. Rabin awa muka yi muna ratsa fadama mai gishiri. Sauron wurin kuwa, na Hadeja yaro ne.

Abin da ya kai ni shi ne Bilali Muhammadu, mutumin Timbo a Futa Jalon, wanda aka sayar bawa zuwa tsibiran Bahamas, daga can Thomas Spalding ya kawo shi nan a farkon ƙarni na 19 ya ɗora shi kan bayin gandunsa na auduga da rake. Ya rasu wajen 1857, an ce da Alƙur'aninsa da buzunsa aka binne shi.

Na fara jin sunansa ne ta dalilin wani rubutunsa na Larabci, shafi 13, da ke ajiye a ɗakin karatun Jami'ar Jojiya. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna wa malamai kwafinsa a ƙasar Hausa, suka duba, suka juya, suka ce wannan rubutun aljanu ne, saboda yadda haruffa suka cakuɗe. A 1940 Greenberg ya bayyana cewa guntayen Risala ne, batun alwala da kiran salla. Ban ga laifin malaman ba. Mutumin da ya yi shekaru da dama ba malami, yana tono karatun ƙuruciya daga ka, dole wani harafi ya hau kan wani.

A ƙauyen Hog Hammock, inda mazauna ba su kai hamsin ba, wata dattijuwa ta zagaya da mu. Kirista ce, kamar sauran dangi, amma ta lissafo sunayen 'ya'yan Bilali mata kamar mai kirari: Margaret, Hester, Fatima, Madina, Bintu. Ta kai mu maƙabartar Behavior, ƙarƙashin manyan itatuwa masu gemun gansakuka, ta nuna yadda kaburbura suke fuskantar gabas.

Sai ta kawo zancen da ya tsayar da ni. A shekarun 1930, tattaɓa kunnen Bilali mai suna Katie Brown ta ba masu tattara tarihi labarin yadda kakarta Margaret take jiƙa shinkafa ta kwana, ta daka a turmi, ta sa zuma ko sukari, ta dunƙula, ta raba wa yara sau ɗaya a shekara. Sunan abin "saraka".

Na ce, "Mama, ai gumba ce wannan. Ranar Juma'a kakata take yin ta da gero, mu yara mu yi layi a zaure. Sadaka muke cewa."

Ta sa na maimaita kalmar har sau uku, tana gwadawa a bakinta, sannan ta tambaye ni ko mu ma da zuma muke yi. Na ce sai dai sukari, zuma ta yi tsada. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ƙarfe huɗu ta wuce, ɗan jagora ya fara duba agogo, don wanda jirgin yamma ya bari sai ya kwana. A kan ruwa na yi la'asar a zaune, na kintaci alƙibla da rana.